ECE1 da maganar “hawan jini a gidanmu gado ne”

Duk wanda ya taɓa zaman layin awon jini a ƙaramin asibitin unguwa irin na Kalpohin, a Tamale, ya san maganar da ta fi saurin fitowa idan nas ta kwance robar nan daga damtse ta karanta lamba: “Ai a gidanmu gado ne.” Bahaushen Zango zai faɗa da Hausa, Badagombe ya faɗa da harshensa, manufa ɗaya. Maganar ba ƙarya ba ce. Abin da ke damuna shi ne yadda ake furta ta, da muryar wanda ya riga ya sallama. Shin me ake gada ne takamaimai? Mu ɗauki ƙwayar gado guda tak cikin kusan 20,000 da ɗan Adam ke ɗauke da su, wadda masana ke kira ECE1, mu ga aikinta.

A shekarar 1988, wani ɗalibin bincike a Jami'ar Tsukuba ta Japan, Masashi Yanagisawa, da ke aiki a ƙarƙashin Farfesa Tomoh Masaki, ya tace wani sinadari daga siririyar fatar da ta shimfiɗe cikin jijiyoyin jini. Aka sa masa suna endotilin. Ɗan mitsitsi ne, amino asid 21 kacal, amma a lokacin ba a san wani abu da jiki ke ƙerawa da ya kai shi ƙarfin matse jijiya ba, kuma idan ya matse ba ya saki da wuri. Jijiya ta tsuke, hanya ta ƙuntata, zuciya ta ƙara ƙarfin turi, lambar da ke kan na'urar nas ta hau.

Abu mai irin wannan ƙarfi, jiki ba ya barinsa tsirara. Yana fara ƙera doguwar sarƙa mai amino asid 212, a rage ta zuwa 38. Wannan mai 38 ɗin kamar wuƙa ce cikin kube: tana nan, amma ba ta yanka, ƙarfinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ainihin sinadarin ba. Sai wani inzayim, wato furotin mai aikin datsa, wanda ke riƙe da ƙwayar tutiya a tsakiyarsa, ya zo ya yanke tsakanin ta 21 da ta 22, ya yar da ragowar 17. Nan take endotilin ya farka. Umarnin ƙera wannan inzayim shi ne ECE1, yana zaune a kan kuromosom na ɗaya, kuma a 1994 aka karanto tsarinsa.

Wani abin mamaki: a waccan shekara ta 1988 aka lura cewa dafin wani baƙin maciji mai shiga ƙarƙashin ƙasa a Isra'ila yana ɗauke da sinadari mai amino asid 21 da ya yi kama da endotilin ƙwarai, yana kisa ta hanyar shaƙe jijiyoyin zuciya. Dangin macijin nan suna nan a dazukan Afirka ta Yamma. Abin da maciji ke harbi da shi, irinsa na yawo a jikinmu kullum, da awo.

Kada mai karatu ya ɗauka ECE1 mugun gado ne da wasu gidaje ke da shi. Kowa na da shi, kuma ba a rayuwa in babu shi. A 1998 masana suka cire shi daga ɓeraye. 'Ya'yan suka zo da muƙamuƙi a lalace, manyan jijiyoyin zuciya a karkace, ƙarshen hanji babu jijiyoyin da ke motsa shi, kuma ba su rayu ba. Shekara guda bayan haka aka ba da rahoton wani jariri mai tawaya a ECE1, ya zo da ciwon zuciya da cutar Hirschsprung, wadda ke hana ƙarshen hanji tura bayan gida. Cutar na samun kusan jariri ɗaya cikin 5,000, kuma galibi wasu ƙwayoyin gadon ne sanadi, na ECE1 nadiri ne. Amma alamar ta cancanci kowace uwa da ungozoma su riƙe ta: jaririn da ya kwana biyu bai yi baƙin kashin nan na farko ba, ciki ya kumbura, yana amai kore, ba na jiƙo ba ne, ba na tsime ba. Tiyata ce maganinsa, kuma daga Kalpohin zuwa Asibitin Koyarwa na Tamale ba tafiya ba ce mai nisa.

Mu koma kan hawan jini. An samu ɗan bambancin rubutu a ƙofar ECE1, wanda ke sa wasu su ƙera inzayim ɗin fiye da wasu, kuma bincike a Turai ya danganta shi da ɗan ƙarin hawan jini, musamman ga mata. “Ɗan ƙari” na ce. Ɗaruruwan wurare ne a cikin gadonmu ke taɓa awon jini, kowanne da ɗan kasonsa. Shi ya sa duk wanda ya ce zai gwada maka ƙwayar gado ɗaya ya faɗa maka makomarka, kuɗinka yake so. Abin da ya fi tasiri shi ne abubuwan da ke zuga jijiya ta riƙa fitar da endotilin fiye da kima: ciwon suga, ƙiba, taba, ƙarancin iskar shaƙa a jini. Masu sikila ma sinadarin kan hau a jikinsu, musamman lokacin da ciwo ya motsa.

Sai gishiri. A ƙoda, endotilin na da wata fuska ta alheri, yana taimakawa a fitar da gishiri ta fitsari. Idan wannan tsari ya raunana, gishirin ya taru, ruwa ya biyo shi. Yanzu a leƙa tukunyar miyar kuka da za a ci da tuwon zafi: an marmasa dunƙule biyu ko uku, an jefa kifin gishiri don ƙamshi, an sa daddawa, sannan aka ɗebo gishiri da yatsu aka barbaɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. 'Ya'yan gida ɗaya sun gaji jinin uba, sun kuma gaji hannun uwa a tukunya, amma jinin kaɗai ake ɗora wa laifi.

Yawancin abin da aka sani kan gadon hawan jini daga jikin Turawa aka samo shi, kuma wannan giɓi ne babba. A Nabrongo, arewa da Tamale, cibiyar binciken lafiya ta garin tana cikin shirin AWI-Gen, wanda ya tattara bayanan mutane kusan 12,000 a Ghana, Burkina Faso, Kenya da Afirka ta Kudu don duba gado da muhalli a cututtukan zuciya da suga. Irin wannan aiki ne zai faɗa mana namu.

Magungunan da ke toshe shi kansa inzayim ɗin ba su kai kasuwa ba, wani ɓangare saboda jiki na da wasu hanyoyin yin datsar. Sai aka koma toshe wurin da endotilin ke sauka: bosentan a 2001 don hawan jinin huhu, sai aprocitentan da Amurka ta amince da shi a Maris 2024 don hawan jinin da ya gagari sauran magunguna. Dukansu haram ne ga mai ciki, saboda dalilin da ɓerayen nan suka nuna, ga tsada. Abin da ya fi kusa da mutumin Kalpohin shi ne binciken da Dakta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta, aka wallafa a 2019, kan mutane 728 a ƙasashen Afirka shida: haɗin magungunan da ke da amlodipine a ciki ya fi wanda babu shi sauke hawan jinin baƙar fata. Amlodipine magani ne mai araha, yana cikin waɗanda katin inshorar lafiya na Ghana ke biya, kuma ana fara maganarsa ne idan awo ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko sama da haka.