Baƙin Na'urori a Kan Wi-Fi Na Gida

Jama'a da dama a birnin Bauchi, tun daga Wunti da Fadaman Mada har zuwa gidajen haya na ɗalibai a Yelwa da Gwallameji, sun mallaki rauta ko MiFi, watau ƙaramar na'urar nan da ke raba intanet ba tare da waya ba. Sau da yawa mai gida kan duba kwamfutarsa ya tarar da sunayen wasu na'urori waɗanda bai san su ba. Wajibi ne ya san abin da ya gani kafin ya zargi maƙwabci.

Da farko dai, ba kowane baƙon suna ne ɓarawo ba. Kowace na'ura tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 12, wadda ake kira adireshin MAC. Tun daga Android 10 na shekarar 2019 da iOS 14 na shekarar 2020, wayoyi kan ɓoye lambarsu ta asali su nuna ta aro, saboda haka wayar uwargida ma tana iya fitowa tamkar baƙuwa. Talabijin na zamani da na'urar buga takardu su ma sukan fito da sunan kamfanin da ya ƙera wani ɓangare na cikinsu. Haka nan kuma kwamfuta mai Windows takan nuna wayoyi da rautocin da ke kusa ko da ba su shiga ba, musamman idan an bar tsarin WPS a kunne. A gidan haya mai ɗakuna goma, wannan abu ne na yau da kullum.

Shaidar da za a dogara da ita tana cikin rautar kanta. A duba bayanta ko ƙarƙashin murfinta, za a ga adireshi kamar 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. A rubuta shi a manhajar buɗe intanet, a shiga, a nemi jerin na'urorin da ke haɗe. Daga nan sai a riƙa kashe Wi-Fi na wayoyi da sauran na'urorin gida ɗaya bayan ɗaya, ana lura da sunan da ya ɓace. Wanda ya saura bayan an kashe duka, ban da na'urar da ake dubawa da ita, shi ne baƙo na gaskiya.

To, mene ne illarsa? Ƙarewar data kafin wata ya ƙare ita ce mafi sauƙi. Babbar matsala ita ce, tun watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta umarci a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN. Layin da ke cikin rauta yana ɗauke da sunan mai shi. Idan baƙo ya bi ta kansa ya damfari wani, ko ya aika saƙon barazana, ƙofar mai layin masu bincike za su fara ƙwanƙwasawa, kuma shi zai sha wahalar wanke kansa a ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Ban da haka, wanda ya shiga yana iya kai wa ga takardu da hotunan da aka bari a buɗe a kwamfutar.

Yawanci ba wata gwaninta ce ke shigo da baƙo ba, kunya ce. An bai wa yaro ɗaya kalmar sirri, shi kuwa wayarsa tana iya nuna ta ga abokai ta lambar QR, kafin Juma'a layin gidajen duka ya samu.

Maganin abin ba ya cin ko kwabo. A sake kalmar sirrin Wi-Fi, a sa doguwa mai haɗe da haruffa da alƙaluma, ba lambar waya ko sunan ɗa ba. A zaɓi kariyar WPA2, ko WPA3 da ta fito a 2018. Tsohuwar WEP kuwa an daɗe da karya ta. A kashe WPS, domin tun 2011 aka gano cewa ana iya canko lambarsa. Sa'an nan kada a manta da kalmar shiga shafin rautar, wadda kamfanoni da yawa kan bari a kan "admin". Irin wannan sakaci ne ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Mirai ta yi amfani da shi a 2016, ta kame dubban na'urorin gidaje, aka kai hari da su a kan manyan shafuka a Amurka, masu su ba su ma sani ba.

Wanda ke son taimaka wa maƙwabci, ya duba ko rautarsa tana da sashen baƙi, ya buɗe masa shi da kalmar sirri dabam, ya riƙa sake ta a ƙarshen kowane wata.