Wa Ya Ce JAMB Na Zaftare Maki Idan Ka Kuskure Amsa?

Da zarar an fara sayar da fom ɗin JAMB, wata tsohuwar magana sai ta farfaɗo a wuraren lesin da zaurukan WhatsApp na ɗalibai, daga Tiga zuwa Kwanar Ɗangora, daga Tudun Wadan Ɗankadai har Riruwai. Wai idan ba ka tabbatar da amsar tambaya ba, ka bar ta kawai, domin kwamfuta tana zaftare maki a kan duk amsar da aka kuskure. Yaro zai fito daga ɗakin jarrabawa yana bugun ƙirji, yana cewa shi bai yi ganganci ba, duk wadda bai sani ba ya tsallake ta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba yara kaɗai ke yaɗa zancen ba. Akwai masu koyarwa a wuraren lesin da ke faɗinsa da bakinsu, bayan sun karɓi kuɗin iyayen yara.

Zancen nan ba shi da tushe. Hukumar JAMB ba ta cire wa kowa maki saboda ya zaɓi amsar da ba daidai ba. Wanda ya kuskure bai samu komai ba a wannan tambayar, wanda ya bar ta fayau shi ma bai samu komai ba. Bambancinsu ɗaya ne: na farko ya buɗe wa kansa ƙofar dacewa, na biyu ya rufe ta da hannunsa.

Tsarin jarrabawar sananne ne. An kafa hukumar a 1978, ta fara gwada kwamfuta a 2013, ta bar takarda da fensir gaba ɗaya a 2015. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku. Kowane darasi maki 100, jimla 400, kuma kowace tambaya zaɓi huɗu gare ta.

To, mu yi lissafi, tunda shi ba ya son kai. Ɗauki yarinya daga Kiru da ke neman karatun jinya. Ta bar tambaya goma a Kimiyyar Sinadarai, goma a Fiziks, goma a Nazarin Halittu, talatin ke nan. Idan aka raba maki 100 a kan tambaya 40, kowace ɗaya ta tashi maki biyu da rabi. Da ta rufe ido ta canka duka talatin ɗin, abin da ake sa rai shi ne ta dace da bakwai ko takwas, wato maki kusan 19. Da kuma ta tsaya ta zubar da zaɓi biyu da ta san ba su ba ne a kowace tambaya, sannan ta canka tsakanin biyun da suka rage, ana sa ran ta dace da sha biyar, maki 37 da ɗoriya. Ba alkawari ba ne, wani zai samu fiye da haka, wani ƙasa. Amma wadda ta bar su babu amsa, nata tabbas ne: sifiri.

Kada wani ya raina maki 19. A jarrabawar 2025, cikin mutum sama da miliyan 1.9 da suka zauna, mafi yawansu ba su kai maki 200 ba, kuma a shekarar aka tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a. Ke nan jama'a a cunkushe suke a wuri ɗaya, maki kaɗan ke raba mai shiga Jami'ar Bayero ko Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil da mai komawa gida ya jira baɗi. Uba ya sayar da buhun masara ya biya kuɗin fom, ya biya kuɗin mota yaro ya ratsa dajin Falgore tun da asuba, wani ma sai ya kwana a garin da aka tura shi, sannan a ƙarshe yaron ya zubar da maki da gangan saboda wani ya ce wani ya ce. Wannan asara ce da babu wanda ya ɗora mana ita sai mu.

Daga ina zancen ya samo asali? Ba daga sama ya faɗo ba. Akwai jarrabawoyin da da gaske suke hukunta kuskure. SAT ta Amurka ta daɗe tana cire rubu'in maki a kan kowace amsar da aka kuskure, sai a 2016 aka daina. A Indiya, jarrabawar CAT ta shiga manyan makarantun koyon kasuwanci tana ba da maki uku ga amsa daidai, ta cire ɗaya ga kuskure a tambayoyin zaɓi. A nan gida ma ɗaliban likitanci sun san irin wannan a wasu jarrabawoyinsu na cikin makaranta. Sai yaya ya dawo hutu ya ba ƙane labari, ƙane ya ɗauka dokar duniya ce.

Amma ko a can ɗin, a duba da kyau. A CAT, idan ka canki tambaya huɗu masu zaɓi huɗu, ana sa ran ka dace da ɗaya ka samu uku, ka kuskure uku a cire uku. Ba riba, ba faɗuwa. Haka tsohuwar SAT mai zaɓi biyar take. An tsara hukuncin ne don ya share ribar cankar makaho, ba don ya karya mai canka ba. Da zarar ka iya zubar da zaɓi ko da ɗaya ne, riba ta koma wajenka. To idan a inda ake zaftarewar ma haka abin yake, ina dalilin tsoro a inda ba a cire ko ɗigo?

Wasu kuma suna kawo wata hujjar, wai kwamfuta tana da wayo, tana gane mai canka, sai ta riƙa turo masa tambayoyi marasa maki. Nan ma an haɗa abu biyu ne da ba su haɗu ba. Akwai jarrabawa mai bin sawun mai amsawa, kuma ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sani ita ce GMAT, da ake nema wajen shiga digiri na biyu a harkar kasuwanci a Amurka da Ingila da wasu ƙasashe. Tun 1997 ta koma kwamfuta a wannan tsari. Yadda take aiki kamar cinikin shinkafa ne a kasuwar Tudun Wada: a taya, a ce albarka, a ƙara, a rage, har a tsaya a kan farashin gaskiya. Ta ba ka tambaya matsakaiciya, idan ka ci ta ɗaga, idan ka faɗi ta sassauta, har ta gano iyakar ƙarfinka. JAMB ba haka take ba. Tambayoyinka suna nan a jere tun da ka zauna, kana iya zuwa gaba ka dawo baya, kuma amsar da ka ba ta biyar ba ta canza ta shida.

Abin mamaki, ita GMAT ɗin da ake tsorata mutane da irinta, ita ce ta fi tsananta wa mai barin tambaya. Ba ta barin ka wuce sai ka zaɓi wani abu. Sabon tsarinta da ya fara a ƙarshen 2023 tambaya 64 ne a sashe uku, kowane sashe minti 45, maki daga 205 zuwa 805, kuma duk wanda lokaci ya ƙare masa bai kai ƙarshen sashe ba, ana rage masa maki a kan waɗanda bai amsa ba. Shi ya sa masu shirya mata suke koyon sakin tambayar da ta gagara: a zubar da abin da za a iya zubarwa, a canka, a wuce. An ma ba da damar komawa a gyara amsa har uku a kowane sashe, amma sai ga wanda ya gama da sauran lokaci. Ɗan Bebeji ko Doguwa da Allah ya nufa da neman wannan karatu wata rana, ya riƙe wannan tun yanzu.

Na san akwai masu jin nauyin abin a zuci, suna ganin canka kamar caca ce ko rashin gaskiya. Mai caca dukiya yake zubawa don ya ci ta wani. Kai ba ka zuba komai ba, ba ka ci haƙƙin kowa ba, ba ka karya dokar jarrabawa ba. Rashin gaskiya shi ne shiga da waya, da biyan wani ya zauna maka, da tura kuɗi ga 'yan damfarar da ke cewa za su ɗaga maka sakamako. Abin takaici, sai ka ga wanda ke ƙyamar canka bai ƙyamaci waɗannan ba.

Tabbas akwai sauran abubuwan da ke kayar da yaranmu, ƙarancin malaman kimiyya da raunin Turanci da rashin wuta, amma waɗannan ba a ranar jarrabawa ake gyara su ba.

Abin da ke hannunka a ranar shi ne lokaci, ƙanena. Minti 120 a kan tambaya 180, daƙiƙa 40 ke nan kowace ɗaya. Fara da darasin da ka fi ƙarfi, ka kwashe masu sauƙi da sauri, domin rarar da ka samu a nan ita za ka kashe a kan lissafi da dogayen nassoshin Turanci. Idan ka ci karo da mai wuya, kada ka tsaya kokawa da ita minti uku. Karanta zaɓin huɗun, fitar da wanda hankali ya ƙi, zaɓi ɗaya cikin sauran nan take, sannan ka rubuta lambarta a takardar da aka ba ka don ka dawo idan lokaci ya ragu. Ka lura, cewa na yi ka zaɓa kafin ka wuce. Masu cewa za su dawo daga baya su cike, yawancinsu agogo ne ke riga su. Idan kuma ka dawo, kada ka canza amsa don zuciyarka ta yi rawa kawai, sai idan ka ga dalili, kamar ka gano ka karanta tambayar a karkace.

Idan saura minti biyar, ajiye duk wani lissafi. Bi darussan huɗu ɗaya bayan ɗaya, duk lambar da ba ta da amsa ka ba ta. A wannan gaɓar ba laifi ka riƙe harafi ɗaya ka bi da shi, ya fi sauri, kuma zancen wai kwamfuta na soke sakamakon mai maimaita harafi ɗaya ƙanen wancan zancen ne. Haka ma masu cewa C ta fi yawan zama amsa. Babu harafin da ya fi wani albarka. Da hanau dai gara mannau.

Sai sabo da na'urar kanta. Yara da yawa a ƙauyukanmu ranar jarrabawa ce ranar farko da za su taɓa kwamfuta, sai minti goma su tafi a neman inda za su danna. Alhali maɓallai kaɗan ake buƙata: A, B, C, D na amsa, N na zuwa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Wannan na ƙarshen a yi nesa da shi sai an gama. Iyaye, idan da hali ku biya wa yaro jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gaske. Idan babu, ko shagon buga takardu na cikin gari ne a roƙi mai shi yaro ya zauna na awa ɗaya yana danna haruffan nan. Gwajin gida kuma a yi shi da agogo a gaba, awa biyu cur, ba tashi shan ruwa, kuma a hana shi miƙa takarda matuƙar akwai gurbi ko ɗaya.

Malaman lesin, ku ma ku ji tsoron Allah. Abin da ba ku gani a rubuce cikin ƙa'idojin hukuma ba, kada ku faɗa wa yara shi da sunan dabara. Wanda ya faɗa a baya ya koma aji ya warware.

Saura jarrabawar tantancewa da wasu jami'o'i ke yi bayan JAMB. Wannan kowace makaranta da dokarta, kuma tana iya sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka kada a ɗauki hukuncin JAMB a ɗora mata. Ƙa'idar tana shafin farko kafin tambayoyi su buɗe. A karanta ta a natse, idan ba a ambaci cire maki ba a ɗaga hannu a tambayi mai sa ido kafin a danna maɓallin farawa.