Rumbun Mai Gudun Fanfalaki

Magidancin ƙauye ba ya fargabar kaka. Fargabarsa tsakiyar damina ce, wajen Yuli zuwa Agusta, lokacin da gero ya yi kore shar a gona amma bai fitar da kai ba, rumbu kuma ya fara amsa kuwwa idan an leƙa. A lokacin aiki ya fi yawa, a lokacin ne kuma abinci ya fi ƙaranci. Shi ya sa dattijo mai hankali, tun ranar da aka zuba damin ƙarshe, yake fara lissafi: baki nawa ne a gidan, tiya nawa za a auna wa uwargida a yini, wata nawa ya rage kafin a ci tumu. Wanda ya buɗe rumbu da kaka ya yi ta shagali, ya sayar da dami don ɗinkin biki, a wata na tara bayan kaka za ka gan shi da fartanya a kafaɗa yana neman ƙwadago a gonar wani, tasa kuwa ciyawa na cin ta.

Gudun fanfalaki, kilomita 42 da mita 195, shekarar wannan magidanci ce aka dunƙule cikin safiya ɗaya. Tuwo da shinkafa da doyar da muke ci, jiki yana mayar da wani kaso nasu sukari ya adana a tsoka da hanta. A jikin babban mutum ajiyar ba ta cika wuce rabin kilo ba, abin da ya kai kalori 2,000 ko kusa da haka. Shi kuwa gudu, kowace kilomita tana cin kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinka. Mai kilo 65 ke nan yana bukatar wajen 2,700 kafin ya ga ƙarshen hanya. Ko yaron da ke aji uku ya yi wannan lissafi zai ga giɓi. Giɓin yakan bayyana tsakanin kilomita 30 da 35, kashi uku cikin huɗu na tafiyar, daidai inda wata na tara yake faɗowa a shekarar manomi. A nan ne 'yan tsere ke cewa mutum ya ci karo da bango.

Akwai ajiya ta biyu, wato kitse, kuma ko siririn mutum yana ɗauke da wanda zai ishe shi tsere da yawa a jere. Sai dai kitse dawa ce a zangarniya: sai an sussuka, an shiƙe, an surfa, an kai niƙa. Sukari kuwa gari ne a ƙwarya, ruwa na tafasa a zuba. In kana tafiya a hankali, jiki yana samun sukunin sussuka, sai ya riƙa haɗa biyun. Da ka zabura, garin kaɗai yake ɗiba. Duk wahalar watanni huɗu ko biyar da ake sha wajen atisaye, rabinta a kan wannan take: a faɗaɗa rumbun kaɗan, a kuma koya wa mutanen gida saurin sussuka.

Na yi nawa shirin a Kano, don gasar Legas da ake yi a watan Fabrairu. Wannan ya jefa atisayen cikin hunturu. Ana idar da sallar asuba zan ɗaure takalmi, in shafa man kaɗanya a leɓe da tsakanin cinyoyi, in fita cikin hazo. Mai shayin bakin layinmu yana hura wuta, kullum tambayarsa ɗaya: "Malam, lafiya dai? Wa ya biyo ka?" Daga baya ya daina tambaya, ya koma ɗaga mini ludayi. Abin da ya fi sanyi da ƙura wuya shi ne jin kunya. Yawancin gudun shiri dole ya zama na sannu, irin wanda za ka iya hira a cikinsa ba ka haki, domin a wannan saurin ne jiki ke koyon cin kitse. To, ga ka babban mutum da gemunka, kana ɗan sassarfa, yaro mai tallan ƙosai ya wuce ka da tire a ka. Zuciya takan ce ka nuna masa. In ka biye mata ka yi asarar aikin ranar.

Ƙarshen mako ake yin doguwar tafiya, ana ƙara mata kaɗan-kaɗan, daga kilomita 15 har ta kai 30 ko 32. Mafi yawan masu koyarwa ba sa barin ɗan koyo ya yi 42 ɗin a atisaye, don ɓarnar da za ta yi wa ƙafa ta fi amfaninta. Saura mako biyu ko uku a yi tsere sai a rage gudu sosai. Manomin da ya gama maimai ya san wannan zama: hauya na rataye, hannu na ƙaiƙayi, amma babu abin da shiga gona zai ƙara wa gero sai karya shi. Kwanaki ukun ƙarshe kuma na cika rumbu ne, tuwo da shinkafa da taliya, ba maiƙo da yawa, ba yaji. Takalmin da ya saba da ƙafarka shi za ka sa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

An fara gasar Legas a 2016, kuma a shekarar da na shiga, hanyar ta tashi daga filin wasa na ƙasa da ke Surulere ta ƙare a Eko Atlantic. A sahun gaba akwai 'yan Kenya da Habasha, tare da 'yan Filato, mutanen Pankshin da kewaye, waɗanda tsaunukansu suka horar da huhunsu har suka zama su ne gwanayen Najeriya a dogon gudu. Abraham Kiptum na Kenya ne ya ci ta farko cikin awa 2 da minti 16, ya tafi da dala 50,000. Mu na baya ba ma ko ganin ƙurarsu. Namu tseren da kanmu muke yin sa.

Farkon tsere kaka ce. Kowa attajiri ne. Ƙafa a sake take bayan hutun makonni, gari bai gama wayewa ba, ga kiɗa, ga jama'a. A titin Ikorodu samari sanye da rigunan ƙwallo suka riƙa wuce ni kamar an sako su daga kurkuku, suna ihu, wasu na ɗaukar kansu hoto suna gudu. Ina duba agogo ina jan linzamin kaina, raina na sosuwa. A ganina a wannan kilomita goma ta farko ake cin fanfalaki ko a faɗi, duk da cewa sai bayan awa uku sakamakon ke fitowa.

Sai gadar Third Mainland, kilomita 11.8 a kan ruwa, ba bishiya, ba inuwa, ba 'yan kallo. A can ƙasa gidajen Makoko na tsaye a kan dirkoki, hayaƙi na tashi, masunta na tuƙa kwalekwale ba ruwansu da mu. A nan ɗan Arewa ke gane cewa hunturu ya yaudare shi. A Kano gumi na fitowa iska ta shanye, jiki ya yi sanyi. A Legas iskar kanta a jiƙe take, gumin sai ya tsaya a fata ya gangara cikin takalmi, zafi ya taru a ciki, zuciya ta ƙara bugu a kan gudun da jiya ba ya ba ta wahala. Garin ƙwarya sai ya fi saurin tafiya. A kan gadar na fara tarar da masu rigunan ƙwallo, wani na tafiya hannu a ƙugu, wani zaune a gefe ya cire takalmi yana kallon ruwa.

Dabino na aljihuna, kuma tun kafin in ji yunwa nake jefa shi a baki. Masana suna ba da shawarar giram 30 zuwa 60 na abinci mai sukari a kowace awa. Dalilin farawa da wuri shi ne dalilin da mai hankali ke yin awo da kaka, hatsi na arha. Bayan awa uku jini ya koma ƙafafu, ciki ya rufe kasuwa, ko ka tura abinci ba lallai ya karɓa ba. Ruwa ma da ƙa'ida: wanda ya yi ta ɗirka fiye da kima yana tsinka gishirin jininsa, kuma hakan ya taɓa kashe masu gudu a manyan gasanni.

Duk da lissafin, damina sai da ta zo. Bayan an wuce Ikoyi an shiga Lekki, ƙafafuna suka zama kamar na aro. Ba haki nake ba, numfashi lafiya lau, amma in na ce wa cinya ɗaga sai ta yi kamar ba da ita nake ba. Ƙwaƙwalwa ma da sukarin nan take aiki, don haka cire 34 daga 42 ya zama aikin da sai na maimaita. Bambancin kawai, mai tattali yana shiga wannan wuri da ɗan saura a gindin rumbu, ya rage sauri amma bai tsaya ba. Manyan gwanaye har sukan juya lissafin. Da Kelvin Kiptum ya yi awa 2 da daƙiƙa 35 a Chicago a 2023, rabin tserensa na biyu ya fi na farko sauri. Gidan da ke cin tuwo mai kauri a Agusta fiye da na Nuwamba ke nan.

Akwai inda manomi ya fi mu gata. In rumbu ya ƙare yana da maƙwabci, yana da bashi, yana da ɗa a birni da zai aiko. Mai gudu ba wanda zai ranta masa ƙafa. Abin da na samu kawai murya ce. Wani mai gadi a ƙofar wani gida, da 'yar rediyonsa a hannu, ya dube ni ya gane ɗan gida, ya ɗaga murya: "Sannu ɗan'uwa! Kar ka ba mu kunya, saura ƙiris!" Ƙiris ɗin nasa ya fi kilomita biyar, Allah ya yafe masa, amma ya kai ni titin Ahmadu Bello, daga nan kuma ko da rarrafe mutum zai ƙarasa.

Sukarin jiki yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu in an ci abinci sosai. Tsoka ce ke ɗaukar makonni. A zaune na yi sallolin ranar, da baya-baya nake sauka daga bene, farcen babban yatsa kuma ya yi baƙi ya fita daga bisani. Da na koma gida na kai wa Hajiyarmu lambar da aka rataya mini. Ta juya ta gaba da baya, ta auna nauyinta a tafin hannu.

"Ka zo na nawa?"

Na ce mata dubbai ne a gabana, dubbai a bayana.

"To nawa suka ba ka?"

Na ce ai ni na biya kuɗin mota da masauki.

Ta miƙo mini lambar, ta ce wa ƙanwata ta ɗora ruwan zafi a gasa mini ƙafa.