Jaruman Katun da Masu Kallonsu a Zuru: Ra'ayin da Ba Ya Shiga Lissafi

A Amurka, da zarar masoya katun ɗin jarumai sun fara gardama, tambayar farko ita ce ko shirin ya bi littafin da aka ciro shi. X-Men ya fara fitowa a mujallar zane a 1963, daga hannun Stan Lee da Jack Kirby, kuma da aka mai da shi shirin talabijin a 1992 akwai mutanen da suka shekara kusan talatin suna karanta labarin. Su ne alƙalan farko. Suna duba kayan da aka sa wa jarumi, da wanda aka cire daga ƙungiya, da inda aka sauya ƙarshen labari.

A Zuru ba wannan gardamar ake yi ba. Mujallun Marvel da DC ba su taɓa zama kayan kasuwa a nan ba, don haka yaron da ya san Wolverine da Raven da Flash, a allo ya san su, kuma abin da allo ya nuna masa shi ne asali. Wannan bai sa ra'ayinsa ya yi rauni ba. Ya dai sa ma'auninsa ya bambanta, kuma ina ganin ma'aunin nasa ya cancanci a tsaya a dube shi.

Sai an fara da yadda abin ya iso. Waɗanda suka girma a shekarun 1980 da 1990 suna tuna Voltron a NTA: matuƙa biyar, zakunan ƙarfe biyar, sai an haɗa su wuri guda kafin a iya kayar da dodo. Ba daga mujallar Amurka aka ɗauko shi ba, tushensa Japan, amma shi ya koya wa tsara guda daɗin kallon ƙungiya. Bayansa faifan CD ya zo, sannan DStv a gidajen masu hali, sannan StarTimes da GOtv suka sauko da kuɗin kallo har Cartoon Network ta shiga ɗakunan ma'aikata da malaman makaranta. Amma babbar ƙofar yanzu ita ce shagon mai turi. Kwamfuta ɗaya a kan tebur, wayoyin caji sun sarƙe a jikin katako, janareta na ƙugi a bayan shago. Yaro ya miƙo memori da 'yan canjinsa ya ce, "Yaya, sa mini katun, amma mai faɗa." Mai turi ya buɗe abin da ke gabansa ya kwafa. Ba ruwansa da wane zango ne na farko. Yaron zai koma gida da kashi na bakwai da na goma sha biyu da na uku, wani daga Justice League, wani daga Avengers, ya kalle su a ƙaramar waya shi da ƙannensa, kawunansu a haɗe, kafin batir ya mutu.

Wanda ya kalli labari a haka ba zai iya yin hukunci a kan jerin abubuwan da suka faru ba. Abin da ke hannunsa shi ne halin mutanen: wa ke tsayawa idan abu ya yi zafi, wa ke bin umarni, wa ke barin 'yan uwansa. Shi ya sa hirar da nake ji a bakin matasa takan karkata can. Batman yana da farin jini fiye da Superman a wurin da yawa, kuma dalilin da suke bayarwa shi ne ba shi da wani ƙarfi na daban, amma yana zama sahu ɗaya da masu tashi sama har su saurare shi. Ana son Wolverine saboda zuciyarsa, ana kuma yi masa faɗan rashin jin maganar shugaba. Hawkgirl, wadda a ƙarshen Justice League aka gano leƙen asiri take yi wa mutanen duniyarsu, har yau ba kowa ya yafe mata ba, duk da cewa daga baya ta juya ta taimaki abokanta. Haka Terra a Teen Titans. A Amurka ana auna labarin Terra da yadda Marv Wolfman da George Pérez suka rubuta shi a 1984, inda ta fi mugunta nesa ba kusa ba. A nan tambayar ɗaya ce: wanda ya ci abinci da ku ya kuma sayar da ku, ana sake karɓarsa?

Ba na son in ɗora wa al'ada abin da ba nata ba, domin yara a ko'ina suna son faɗa da tashi sama. Amma da wuya mutum ya san ƙasar Zuru ya ce wannan ma'aunin daga iska ya faɗo. A al'adar Lelna, waɗanda aka fi sani da Dakarkari, saurayi ba ya samun mata da kuɗi kawai. Yana shiga golmo, ya yi shekara bakwai yana noma gonar surukai, kuma ba shi kaɗai yake yi ba, da sa'o'insa ake fita, yau gonar wannan gobe ta wancan. Rago ba ya ɓuya a cikin irin wannan sahu, kuma gazawar ɗaya kunyar duka ce. A bikin Uhola, bayan an kau da amfanin gona, ake nuna waɗanda suka kammala. Ga kuma aikin soja, wanda ya zama kamar gado: ƙasar da ta fitar da Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Janar Tanko Ayuba, da marigayi Sarkin Zuru Janar Muhammadu Sani Sami, ban da dubban ƙananan sojoji da ba a rubuta sunansu a jarida ba. Yaron da kakansa ɗan fansho ne na soja, kawunsa kuma yana bakin daga, ya san cewa jarumi ba shi kaɗai yake tafiya ba tun kafin ya ga Captain America.

Akwai wani abin da allo ya yi wanda mujalla ba ta yi ba. Da Bruce Timm da abokan aikinsa suka fara Justice League a 2001, sai suka zaɓi John Stewart, baƙar fata, tsohon soja a cikin shirin, ya zama Green Lantern, maimakon Hal Jordan da masu karatu suka saba da shi. Tsofaffin masoya a Amurka sun yi gunaguni. Amma ga duk wanda ya fara da katun, Green Lantern baƙi ne, soja ne, mai tsare gida. Da fim ɗin 2011 ya fito da Bature a matsayin jarumin, masu kallo da dama sun ɗauka an yi musu sauyi ne, alhali masu fim ɗin littafi suka bi. Storm ta X-Men, wadda labarin ya ce uwarta 'yar Kenya ce, ita ma haka take a idon 'yan mata: mace baƙa da ke ba maza umarni a fagen fama.

Inda aka fi rabuwa shi ne kan Teen Titans Go!, kuma rabuwar ta shekaru ce. Teen Titans na farko ya gudana daga 2003 zuwa 2006, kashi 65, da barkwanci a ciki amma da nauyi: Raven na kokawa da ubanta aljani, Robin na neman zama irin maƙiyin da yake farauta. A 2013 aka dawo da jaruman nan biyar, da muryoyin nan dai, amma an mai da su 'yan shirme, kowane kashi kusan minti goma sha ɗaya, ana rigima a kan abinci da wasa. Yayye suka ce an wulaƙanta jarumansu. Ƙanne kuwa dariya suke har da riƙe ciki. Shirin ya wuce kashi 400, abin da babu ɗaya daga cikin masu nauyin da ya kusanta.

Dalilin na kasuwa ne. Gajeren shiri mai sauƙin zane ya fi arha, kuma tasha na iya maimaita shi dare da rana ba tare da bin jeri ba. Abin lura shi ne wannan siffar ita ce ta dace da shagon mai turi. Kashin Teen Titans Go! ko wanne aka kwafa maka ya wadatar da kansa. Young Justice kuwa, wanda makircinsa ke ɗaure daga kashi zuwa kashi, in ka rasa uku a tsakiya ka ɓata. Don haka hanyar da shirin ke bi ya iso Zuru tana taimakon marar nauyi, tana karya mai nauyi. Ina tare da yayyen a kan cewa an yi asara, domin labarin da jarumi ke biyan farashin abin da ya zaɓa ya fi gina yaro. Amma ba laifin ɗan shekara takwas ba ne da ya so abin da ya zo masa cikakke.

Labarin Young Justice ɗin ne ya fi nuna mini inda gizo ke saƙa. An fara shi a 2010, aka dakatar a 2013 bayan zango biyu, ba don ba a kallo ba, sai don kuɗin yin sa yana rataye da cinikin 'yan tsanan jaruman, kuma cinikin bai yi ba. Masoyansa suka ƙi haƙura. Da shirin ya hau Netflix suka riƙa kallo suna maimaitawa, suna kiran wasu su kalla, har alƙaluma suka yi magana, aka dawo da shi a 2019. X-Men '97 da ya fito a 2024 shi ma saboda yaran 1992 ne da suka girma suka zama masu biyan kuɗin kallo. A Amurka ra'ayin mai kallo yana da hanyar da yake bi ya isa teburin mai yanke shawara. Kallon da aka yi daga memori kuwa, ko an tura shi ta Xender ya zaga unguwa duka, babu na'urar da ta ƙirga shi. Matashin Zuru na iya sanin kowane ɗan ƙungiya da tarihinsa, amma a littafin kamfanin babu shi. Wanda ba a ƙirga ba, ba a yin shiri dominsa.

Tasirin da abin ke yi a gida ya kasu. Kunnen yara na sabawa da Ingilishi, kuma bayan littafin rubutu na ɗalibai da yawa cike yake da zanen jarumai, wasu da kyau ƙwarai. X-Men, labarin tsiraru da ake tsoro saboda yadda aka haife su, yana da abin faɗa ga ƙasar da za ka samu Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya a zuri'a ɗaya. Iyaye na da nasu ƙorafin, kuma ba na raina shi: shigar wasu jarumai mata, da kiran Thor abin bauta, da maganar aljanu da tsafi. Sai dai abin da ya fi damuna ba shi suka fi ambata ba. An ɗauka duk abin da aka zana na yara ne. Invincible, wanda ya fito a 2021 daga mujallar Robert Kirkman, don manya aka yi shi, kuma a kashinsa na farko ana yi wa ƙungiyar jarumai kisan gilla, jini ko'ina. A kwamfutar mai turi yana zaune kusa da Teen Titans, kuma yaron da ya ce a sa masa mai faɗa zai iya tafiya da shi. A zamanin talabijin na tsakar gida babba na gani ya kashe. Waya a ƙarƙashin bargo ba mai gani.

Kuma waɗannan yaran ba a cikin kwanciyar hankali suke kallo ba. A watan Maris na 2022 'yan bindiga sun kashe 'yan sa-kai sama da sittin a masarautar Zuru, mutanen da suka fita tare don kare ƙauyukansu. Akwai yaran da iyayensu suka baro gona a Danko-Wasagu da Sakaba suka dawo cikin gari. Yaron da ya san haka, idan ya ga ƙungiya ta sauko daga sama daidai lokacin da ake buƙatarta, ba shirme yake kallo ba, abin da ya so a ce ya faru yake gani. Wannan na cikin dalilan da suka sa nake ganin bai kamata a bar masa labarin New York kawai ba.

Afirka ta fara motsi. Comic Republic na Jide Martin yana fitar da jarumai daga Legas tun 2013. Supa Team 4, labarin 'yan mata huɗu a Lusaka wanda Malenga Mulendema ta Zambiya ta ƙirƙira, ya hau Netflix a 2023. Iyanu na Roye Okupe, da aka ciro daga littafinsa mai tushe a al'adun Yarbawa, ya fito a Cartoon Network a 2025. Dukkansu da Ingilishi aka fara yin su, kuma babu wanda ya fito daga wannan yanki. Alhali kayan labari na nan jibge: Kanta na Kabi da ganuwar Surame, 'yan kokawar Zuru da maharbanta, siffofin yumɓu da matan Lelna ke ginawa a ɗora a kan kabarin gwarzaye, da golmo kanta, wadda ƙungiyar samari ce da ke da shugaba da gwaji da ranar kammalawa.

Ba a rasa masu saye ba. Fassarar Algaita ta nuna mutane za su bi fim ɗin da ba su san ƙasarsa ba muddin ya yi magana da Hausa. Kannywood kuma, da kasuwar faifai ta mutu, ta koma YouTube da shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So, inda kowane kallo ke shiga lissafi ya koma kuɗi. Katun ya fi fim ɗin mutane tsada da cin lokaci, yana buƙatar masu zane da yawa da kwamfutoci masu ƙarfi da wutar da ba ta yankewa, kuma mai turi zai kwafe shi ranar da ya fito. Duk wanda zai fara a nan, gajerun kashi zai yi, kowanne ya tsaya da ƙafarsa ko da an kalle shi ba a jere ba, da Hausa, a kuma sa muryar C'lela, harshen Lelna, a kai, sannan ya nemi tasha irin Arewa24 ko mai talla ya ɗauki nauyin zangon farko tun kafin a zana hoto ɗaya.