Bin Bahasin Makarantu Kan Karatun Yara a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Bin bahasin makaranta shi ne a tambaye ta abin da ta yi da yaran da aka danƙa mata, ta ba da amsa da hujja, sannan amsar ta haifar da wani mataki. Tsarin yana zaune a kan abubuwa uku, kamar tukunya a kan duwatsun murhu: awon abin da yaro ya koya, bayyana sakamakon awon ga masu haƙƙi, da matakin da zai biyo baya, na yabo ne, na taimako ne, ko na horo. Idan aka cire ɗaya daga ciki, sauran biyun ba za su riƙe tukunyar ba.

A ƙasar Hausa wannan ba baƙon abu ba ne. Mahaifin da ya kai ɗansa makarantar allo ya san izun da yaron yake, yana iya zaunar da shi bayan sallar magariba ya ce ya biya masa karatu, kuma ranar sauka jama'a ne shaida. Malamin da almajiransa ba sa gaba, a hankali tsangayarsa take watsewa. Matsalar makarantar boko ita ce yawancin iyaye a karkara ba su da irin wannan ma'auni a hannunsu. Yaro zai kawo takardar sakamako an rubuta ya zo na biyar a aji, amma takardar ba ta faɗi ko zai iya karanta wasiƙa ba.

Wa ke da alhakin makarantar gwamnati

Shirin ilimin bai-ɗaya da Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, wanda ya zama doka a 2004, ya wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Dokar ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, wadda ke ba jihohi tallafi bayan sun ajiye nasu kason. Ta kuma tanadi gargaɗi, sannan tara ko ɗauri, ga mahaifin da ya ƙi sa ɗansa a makaranta.

A Jigawa, wadda aka cire daga jihar Kano a 1991, hukumar SUBEB da ke Dutse ce ke kula da ilimin matakin farko a ƙananan hukumomi 27. A ƙarƙashinta kowace ƙaramar hukuma tana da sashen ilimi da sakataren ilimi ke jagoranta, sai jami'an da ke zagaya makarantu, sai hedimasta, sai malamin aji. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa. A 2023 gwamnatin Malam Umar Namadi ta raba ma'aikatar ilimi gida biyu, ɗaya ta ilimin matakin farko, ɗaya ta ilimi mai zurfi.

Wannan sarƙa tana da tsawo, kuma tsawonta ne ke ba kowa mafaka. Hedimasta ba shi ke ɗaukar malami ba, ba shi ke yi masa canjin wurin aiki ba, ba shi ke biyansa ba. Idan ɗaliban aji shida a wani ƙauyen Gwiwa suka kasa karanta jimla, malami zai ce yara ba sa zuwa, hedimasta ya ce malamai ba su isa ba, sakataren ilimi ya ce Dutse ba ta turo ba, iyaye kuma su ce makarantar gwamnati ce. Kowa ya faɗi wani yanki na gaskiya, amma ba wanda ya ɗauki laifin. Amfanin tsarin bin bahasi shi ne ya rubuta wa kowane mataki abin da za a tambaye shi a kai.

Ma'aunan da ake amfani da su

Ma'aunin da jama'a suka fi sani shi ne jarrabawar kammala sakandare ta hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da ta NECO, wadda aka kafa a 1999. Abin da ake dubawa shi ne yawan ɗaliban da suka sami kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi. Wannan ma'auni yana da muhimmanci a wannan yanki, domin shi ne mabuɗin shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Makarantar gaba da sakandare tana iya zama a ƙofar gidan yaro, amma idan babu takarda sai dai ya hange ta daga waje.

Sai dai jarrabawar ƙarshe tana zuwa a makare. Tana auna yaro bayan shekara goma sha biyu, alhali ɓarnar ta faru tun a aji biyu ko uku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ban da haka, ba ta ƙidaya waɗanda suka zube a hanya: yarinyar da aka cire daga aji biyu na ƙaramar sakandare, ko yaron da ya tafi cirani bai dawo ba. Makarantar da ta yi asarar rabin ɗalibanta kafin ranar jarrabawa tana iya fitowa da sakamako mai kyau.

Ma'auni na biyu shi ne ziyarar sufeto, wanda yanzu ake kira jami'in tabbatar da inganci. Yana duba rajistar ɗalibai, littafin zuwan malamai, tsarin darasi da yanayin aji. Na uku shi ne ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, mai tattara adadin ɗalibai, malamai, ajujuwa da bandakuna. Duka biyun suna da amfani, amma sun fi nuna abin da aka zuba a makaranta, ba abin da ya fito daga cikinta ba.

Awon da ya fi kusa da zuciyar lamarin shi ne a ba yaron ƙaramin aji ɗan gajeren labari ya karanta, a ba shi lissafin tarawa da ɗebewa. Shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 a jihohi shida ciki har da Jigawa, ya yi irin wannan gwaji ga ɗaliban aji biyu da aji huɗu a 2012, 2014 da 2016. Abin da ire-iren waɗannan gwaje-gwaje ke nunawa ya yi daidai da ƙiyasin Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022, cewa a Afirka kudu da Sahara kusan yara tara cikin goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta a shekara goma da haihuwa.

Darasi daga wuraren da aka tsananta

Ɗaure makaranta da sakamakon jarrabawa tsohuwar dabara ce. A 1862 Ingila ta fara biyan makarantu tallafi gwargwadon yawan yaran da suka ci gwajin karatu, rubutu da lissafi a gaban sufeto. Malamai suka koma koyar da haddar amsa, kuma kafin ƙarshen ƙarnin aka watsar da tsarin. A Amurka, dokar da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a 2002 ta wajabta gwajin shekara-shekara daga aji uku zuwa takwas, tare da hukunci ga makarantun da suka kasa. Dokar ta fallasa yadda ake barin 'ya'yan talakawa a baya, amma ta kuma haifar da maguɗi: a birnin Atlanta kotu ta sami malamai da jami'ai 11 da laifi a 2015 kan sauya amsoshin ɗalibai. A shekarar ne aka maye gurbin dokar da wata mai sassauci.

Misali mafi kusa shi ne na Kaduna. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar da ta ce ta matakin aji huɗu ce, ta sanar cewa 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, ta sallame su, ƙungiyar malamai ta shiga yajin aiki. Matakin ya tilasta wa Arewa kallon gaskiya mai ɗaci game da yadda ake ɗaukar malamai. Ya kuma nuna cewa kora ita ce ɓangare mai sauƙi. Samun ƙwararren da zai yarda ya zauna a ƙauye shi ne mai wuya.

A gida ma an san illar dogaro da lamba ɗaya. Inda darajar makaranta ta rataya kacokan a kan sakamakon jarrabawar ƙarshe, nan ake samun satar amsa da cibiyoyin da ake biya a ci jarrabawa, duk da dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 da hukuncin janye amincewa da WAEC ke yi wa makarantu.

Awo na adalci

Makarantun wannan yanki ba daga wuri ɗaya suke tashi ba. Kazaure gari ne a kan babbar hanyar Kano zuwa Daura, mai ma'aikata da manyan makarantu, inda yara da yawa ke tashi a gidan da ake karatu. Ƙauyen da ke bayan duwatsun Roni, ko rugar da ke kusa da iyakar Nijar a ƙasar Babura, lamarinsu daban ne. Da damina ta faɗi gona na janye yara, lokacin girbin gero da gyaɗa ma haka, ranar kasuwa aji kan yi fayau, talla na cin safiyar 'yan mata, kiwo na cin ta samari. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma a karkara ba abin mamaki ba ne a ga malami ɗaya yana riƙe da ninkin haka, ko yana haɗa aji biyu.

Saboda haka jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe bisa maki kawai zalunci ne ga malamin ƙauye, kuma yabo ne na banza ga makarantar da ta tsinci ɗalibai masu gata. Ma'aunin da ya dace shi ne na ci-gaba: a gwada yaro a farkon shekara, a sake gwada shi a ƙarshe, a tambayi makaranta tazarar da ke tsakani. Makarantar da ta karɓi yara arba'in babu mai gane harafi, ta fitar da talatin suna haɗa kalma, ta yi aikin da ya fi na wadda ta karɓi masu karatu ta mayar da su yadda suka zo. Ingila ma tun 2016 da irin wannan awo take auna makarantunta na sakandare.

Adalci yana kuma buƙatar tambayar ta tafi sama kamar yadda take sauka ƙasa. Idan za a tambayi hedimasta sakamako, dole a tambayi hukuma malamai nawa ta tura masa, yaushe littattafai suka iso, kuma me ya sa malamai suka taru a makarantun cikin gari aka bar na ƙauye. Shirin J-Teach, wanda Jigawa ta ɗauki dubban malamai na wucin gadi a ƙarƙashinsa sannan ta mayar da da yawa daga cikinsu na dindindin, amsa ce ga ƙarancin malamai; abin da ya rage a auna shi ne inda aka tura su da abin da yara suka ƙaru da shi. Iyaye su ma suna da nasu kason, domin ba malamin da zai koyar da yaron da ba ya aji.

Idon jama'a

Sufeto yana zuwa jefi-jefi, amma mutanen gari kullum suna nan. Wannan ne dalilin kafa kwamitin kula da makaranta, wanda Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a samar a kowace makarantar matakin farko. Kwamitin kan haɗa mai gari ko wakilinsa, malamin addini, iyaye maza da mata, tsofaffin ɗalibai, wakilan ɗalibai da hedimasta. A yankin da maganar hakimi da dagaci da liman ke da nauyi, a masarautar Kazaure mai ƙunshe da Roni da Gwiwa da Yankwashi, da masarautar Ringim da Babura ke ciki, wannan kwamiti yana da ƙarfin da takardar ofis ba ta da shi.

Rauninsa shi ne yakan tsaya ga gyaran rufi da tara kuɗin kujeru, bai kai ga tambayar karatu ba. Abin da yake buƙata shi ne bayani a buɗe. A Yuganda bincike ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 cikin ɗari kacal na tallafin da gwamnati ke ware wa makarantun firamare ke isa gare su. Gwamnati ta fara buga adadin kuɗin a jaridu, ana kuma liƙa shi a makarantu, zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Makaranta a Roni ko Babura za ta iya rubuta abu huɗu a bango da Hausa kowane zango: malamai nawa ne a rajista kuma nawa ke zuwa, yara nawa ke halarta, nawa ne a aji uku ke iya karanta labari, da kuɗin da ya shigo da inda aka kashe shi. Mahaifin da bai yi boko ba yana iya zama a taron ƙarshen zango ya ji ɗansa ya karanta shafi da Hausa, kamar yadda yake sauraron tilawa.

Abin da ke biyo bayan awo

Awon da ba a yi komai da shi ba ɓata takarda ne. Matakin farko ga makarantar da ta gaza shi ne taimako: ƙarin malami, littattafai, horar da malamai, da raba yara rukuni-rukuni bisa matakin karatunsu na sa'a ɗaya ko biyu a rana, dabarar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita kuma aka gwada a wasu jihohin Arewa. Garin Sobral na jihar Ceará, a yankin Brazil mai fama da talauci, ya bi wannan hanya tun farkon shekarun 2000: ya sa burin kowane yaro ya iya karatu a ƙananan azuzuwa, yana gwaji a kai a kai, yana zaɓen shugabannin makarantu bisa cancanta, yana ba makarantun da suka yi ƙoƙari lada. Cikin shekara goma sha biyar ya hau sahun gaba a ma'aunin ilimi na ƙasar.

Horo yana da gurbinsa, amma ga laifin da ke hannun mutum: malamin da ke karɓar albashi ba ya zuwa, jami'in da ya karkatar da kayan makaranta, shugaban da ya shirya satar amsa. Yabo ma mataki ne, domin malamin da ya zauna a ƙauye mai nisa ya koya wa yara karatu ya cancanci a gani a ƙarin girmansa da alawus ɗinsa. Gwajin da za a gina duk wannan a kai ya kamata wani daga waje ya gudanar da shi, a kan yaran da aka zaɓa da ƙuri'a, kuma a haɗa shi da adadin waɗanda suka daina zuwa, don kada makaranta ta gyara sakamakonta ta hanyar ɓoye masu rauni.