Tarar Hanya Da Lodin Tumatir

Jama'a, ga kakar tumatir ta zo. Daga Kadawa zuwa Kura da Bunkure, inda ruwan dam ɗin Tiga yake ratsawa, kwanduna sun cika, manyan motoci kuwa sun yi layi a Kwanar Gafan suna jiran lodin Ikko. To, yau a kan tarar da ake cin motocin nan a hanya za mu yi magana, domin sau da yawa direba ke laifi, mai kaya ke kuka.

Masu tsai da mota su duba ta iri-iri ne. Akwai ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, da 'yan VIO masu duba lafiyar mota, sa'an nan a jihar Kano akwai 'yan KAROTA tun 2012. A jadawalin dokar hukumar tarayya ta 2007, lodin da ya wuce kima tararsa naira 10,000, tuƙi ba lasin naira 10,000, suɗaɗɗiyar taya naira 3,000, rashin tukunyar kashe gobara naira 3,000. Ba a hannun ma'aikaci ake biya ba. Takarda zai rubuta, a je a biya ta banki, a kawo rasit.

Wani zai ce ai wannan kuɗi kaɗan ne. Gaskiya ne, amma jinkirin shi ne abin tsoro. Ana iya tsare mota har sai an biya. Daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 wajen kilomita dubu ne, tumatir kuwa ba gyaɗa ba ne da zai jira. Kadan ya yini cikin rana, na ƙasa ya tsiyaye, dillali ya karya farashi.

Saboda haka kafin ka ɗora kwando ɗaya, nemi ganin lasin da inshora da takardar lafiyar mota. Zaga ka dubi fitilu da tayoyi. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ku yi magana gaban shaidu, watau wa zai ɗauki hasara in an tsare mota saboda laifinta. Kada kuma ka roƙi direba ya ƙara maka kwanduna a sama don neman sauƙi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Allah ya kai kaya lafiya, ya ba da kasuwa.