Zaɓen Maganin Cutar MS a Parkchester: Abin da Shafin Intanet Ke Tambaya da Abin da Yake Bari

Cutar da likitoci ke kira multiple sclerosis, ko MS a taƙaice, tana samuwa ne idan garkuwar jiki ta juya ta afka wa rufin da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, saƙo ya riƙa tsinkewa kamar wutar lantarki a wayar da robarta ta saɓule. Alamunta sun haɗa da dushewar gani, da mutuwar hannu ko ƙafa, da jiri, da gajiya mai tsanani, kuma da yake sukan lafa sannan su dawo, sau da yawa a gidajen Hausawa akan ɗauke su a matsayin jifa ko shafar iska. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya bayyana ta a 1868, kuma a yau kusan mutum miliyan ɗaya ke ɗauke da ita a Amurka, mata sun ninka maza kusan sau uku.

Mazaunin Parkchester, unguwar da kamfanin inshora na Metropolitan Life ya gina a gundumar Bronx ta birnin New York wajen 1940, yana kusa da asibitocin Jacobi da Montefiore, saboda haka samun likitan jijiyoyi ba shi ne babban ƙalubalensa ba. Wahalar tana wajen zaɓe, domin tun daga 1993, lokacin da aka amince da allurar Betaseron, magungunan da ke rage tasowar cutar sun kai kimanin ashirin, babu kuma wanda ke warkar da ita gaba ɗaya. Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro shafukan taimakon zaɓe a intanet, irin su MS Decisions na ƙungiyar MS Trust ta Birtaniya, inda majiyyaci ke tace magunguna gwargwadon yadda ake shan su: ƙwaya irin Gilenya, ko allurar da mutum ke yi wa kansa a gida irin Kesimpta, ko ƙarin ruwa a asibiti irin Ocrevus duk wata shida. Shafin yana jera su gefe da gefe, yana nuna ƙarfin kowanne da illarsa da gwaje-gwajen da yake buƙata, kuma galibi mafi ƙarfi shi ya fi neman sa ido. Tysabri, alal misali, yana da tasiri sosai, amma yana iya buɗe ƙofa ga wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa ga masu ɗauke da wata ƙwayar cuta da ake kira JC, shi ya sa ake gwada jini kafin a fara da kuma bayan an fara.

Sai dai ba a tsara shafin da Bahaushe ɗan Kano ko Maraɗi ko Zangon Kumasi a rai ba. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a Afirka ta Yamma, mutum yakan ɗauke shi shekaru bai sani ba, kuma Ocrevus da Kesimpta suna iya tayar da shi, don haka gwajinsa wajibi ne. Matar da ke son haihuwa dole ta san cewa Aubagio yana cutar da ɗan tayi. Mai azumi da ke shan Tecfidera sau biyu a rana yana buƙatar a tsara masa sha a lokacin sahur da lokacin buɗa-baki, wanda kuma ke tafiya ganin gida na wata uku zai sha wuya da maganin da ake ƙara masa duk mako huɗu. Ban da haka, shafin Birtaniya bai san komai game da shirin inshorar lafiya na gwamnati, Medicaid, ko kamfanonin inshorar Amurka ba, waɗanda sukan nemi a jira izininsu kafin su biya.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce majiyyaci ya zauna da wani ɗan uwa mai jin Turanci, ko a gida ko a kwamfutocin ɗakin karatu na Parkchester da ke titin Westchester, su tace magunguna biyu ko uku, su rubuta tambayoyinsu a takarda, sannan su kai wa likita. Dokar jihar New York ta wajabta wa asibitoci samar da tafinta kyauta, don haka wanda ya fi sakewa da Hausa ya nemi tafintan Hausa tun ranar da yake karɓar lokacin ganin likita.